Yadda Za Ki Yi Idan 'Yan Soshiyal Suka Ce Za Su Yi Miki Bincike Kina da Juna Biyu a Ingila

Yawanci daga wurin awo abin yake farowa. Ungozoma ta yi tambayoyinta na ranar buɗe fayil, ta ji wata magana da ba ta kwanta mata ba, bayan 'yan kwanaki sai ga waya ko wasiƙa daga sashen kula da yara na ƙaramar hukuma, wato 'yan soshiyal: suna son su zo gida su yi binciken kafin haihuwa. A wajen 'yan'uwanmu mazauna Ingila, ɗalibai da matan ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi da ma'aikatan asibiti, babu maganar da ke tsinka zuciya kamar wannan, don kowa ya taɓa jin labarin wadda aka ƙwace wa ɗa. Daga nan sai shawarwari su yi ta shigowa ta WhatsApp. Wata ta ce kada ki buɗe musu ƙofa, wata ta ce ki tattara ki koma gida ki haihu, wata kuma ta ce ki bi su da "to" ki sa hannu a duk abin da suka miƙo. Ukun nan kowacce tana iya kai ki ga abin da kike gudu.

Dokar Ingila nake magana a kai. Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa suna da nasu tsarin, kuma akwai bambanci.

Ki fara sanin iyakar ikonsu

A dokar Ingila, ɗan da ke ciki ba shi da haƙƙin kansa a gaban kotu sai ya faɗo duniya. Tun 1988 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa ba a sa ɗan tayi ƙarƙashin kulawar kotu, sannan a 1998, a shari'ar da ta shafi asibitin St George's na Landan, ta tabbatar cewa mai ciki da ke cikin hankalinta tana iya ƙin magani ko tiyata ko da likitoci suna ganin ƙin zai cutar da cikin. Saboda haka muddin ba ki haihu ba, ma'aikaciyar soshiyal ba ta da ikon shiga gidanki sai da izininki, ba ta da ikon tilasta miki zaman hira, ba ta kuma zaɓa miki inda za ki haihu ko yadda za ki haihu. Ita ba 'yar sanda ba ce, ba kuma alƙali ba.

Wannan rabin maganar ne, kuma shi kaɗai masu cewa "rufe ƙofarki" suke riƙewa. Ɗaya rabin yana cikin Dokar Yara ta 1989. Sashe na 31 ya ba kotu damar shiga tsakanin iyaye da yaro idan yana cutuwa sosai, ko kuma idan akwai alamar zai cutu. A kan wannan "zai" ɗin ake kai maganar jinjiri kotu tun ranar haihuwarsa, kuma duk abin da ya faru lokacin goyon ciki yana cikin takardun da alƙali zai karanta. Idan kin ƙi ganinsu, binciken ba ya tsayawa. Za su rubuta shi daga fayil ɗin asibiti da na 'yan sanda da bakin wasu, babu muryarki a ciki, sannan su ƙara da cewa uwa ta ƙi ba da haɗin kai.

Tsoron ma ba na banza ba ne. Binciken da Farfesa Karen Broadhurst ta Jami'ar Lancaster ta jagoranta, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa jariran da aka kai maganarsu kotu cikin makon farko na haihuwa a Ingila sun tashi daga 1,039 a shekarar 2007/08 zuwa 2,447 a 2016/17. Amma a sani, bincike daban, kotu daban. Da yawa ana gama shi a rufe fayil, ko a ƙare da ɗan taimako.

Wayar farko

Kada ki amsa tambayoyi masu nauyi a cikin bas ko a wajen aiki. Ki ce kin ji, ki nemi a sa rana. Amma kafin ki ajiye wayar ki karɓi sunan mai magana da na shugabarta da adireshin imel, ki tambayi wa ya kai maganarki, mene ne takamaiman abin da ake jin tsoro, kuma a ƙarƙashin wane sashe na doka suke aiki. Ki ce a rubuto miki.

Tambayar sashen nan ita ce babba. Idan sashe na 17 ne, suna duba ko iyalin na buƙatar taimako, kuma da yardarki ake yi, har tuntuɓar likitanki ko makarantar yaranki yawanci sai an nemi izininki. Idan sashe na 47 ne, suna zargin akwai haɗarin babbar cuta, doka ta wajabta musu bincike, kuma suna iya tattara bayanai daga asibiti da 'yan sanda ko ba ki yarda ba. Wadda ta ƙi na 17 ba tare da dalili ba, sau da yawa na 47 take jawo wa kanta. Ƙa'idar gwamnati mai suna Working Together to Safeguard Children, wadda aka sabunta a 2023, ta ce su yanke shawarar abin da za su yi cikin kwana 1 na aiki da samun rahoto, kuma binciken kada ya wuce kwana 45 na aiki.

Abubuwan da ke sa a kai maganar mace sanannu ne: an taɓa karɓe mata ɗa a baya, duka ko tsoratarwa a gida, shaye-shaye, ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani, ƙuruciya sosai, rashin matsuguni, ko zama da wanda aka taɓa kamawa da cutar da yara. Akwai kuma wanda ya fi kama mutanenmu ba tare da sun sani ba, wato jinkirin fara awo. Mu mun saba a rufa wa ciki asiri har ya fito da kansa, don kunya ko don gudun baki. Su kuma suna son a buɗe fayil kafin mako na 10, kuma wadda ta zo da cikin wata 6 ko 7 sai a rubuta ta ɓoye ciki. In haka ne ya faru da ke, ki faɗi dalilin ƙarara, kuma daga yau kada ki sake tsallake ranar awo. In uzuri ya taso, ki buga ki canza rana.

Kafin su zo

Ki nemi shawara kafin zaman farko, ba bayansa ba. Ƙungiyar Family Rights Group tana da layin shawara kyauta ga iyayen da soshiyal suka shiga lamarinsu. Birthrights ta ƙware a haƙƙin mai ciki a asibiti. AFRUCA, wadda 'yar Najeriya Debbie Ariyo ta kafa a 2001, ta daɗe tana aiki da iyalan Afirka da suka sami saɓani da hukuma kan tarbiyya. Malamin masallaci da shugabar ƙungiyar mata za su taya ki da addu'a da rakiya, Allah ya saka musu, amma maganar doka a bar wa masu ita.

Sai tafinta. Turancin da kike cefane da shi ko kike aiki da shi ba lallai ya ɗauke ki zaman sa'a biyu kan aurenki da ƙuruciyarki ba, ga faɗuwar gaba. Ki nemi tafintan Hausa tun da wuri, ki faɗi sunan harshen, don kada a kawo miki mai Yarbanci ko mai Turancin buroka a ce ai duk Najeriya ne. 'Yan Nijar su zaɓi wanda ya fi musu sauƙi, Hausa ko Faransanci. Kina iya cewa mace kike so, kina kuma iya ƙin wadda kika sani a gari idan kina gudun maganarki ta zaga. Kada maigida ko ɗanki ya yi miki tafinta. Ki nemi a bar wata da kika amince da ita ta zauna tare da ke.

Ki sayi littafi ɗaya ki keɓe shi. Duk waya, duk ziyara, ki rubuta rana da lokaci da wanda ya zo da abin da aka ce za a yi. Bayan kowane zama ki aika gajeren imel: ga abin da na fahimta mun tsayar yau, in ba haka ba ne a gyara mini. Ma'aikatan nan suna yawan canzawa, sabuwa ta zo ba ta san alkawarin tsohuwa ba. Babu dokar da ta hana ki naɗar muryar zaman don amfanin kanki, amma ki faɗa tun farko cewa za ki naɗa, kuma kada ki tura wa kowa sai lauyanki.

Ranar da suka shigo gida

Za su zo sau da yawa, wata ziyarar da sanarwa, wata babu. Za su tambayi yadda aka rene ki, yadda kuka haɗu da maigida, yadda kuke yi in kun saɓa, wa ke riƙe kuɗi, wa zai taya ki jego, sannan su duba inda jinjiri zai kwana da abin da aka tanada. Wasu tambayoyin za ki ji su kamar cin fuska. Kina iya tambayar dalilin tambaya, kina iya cewa sai kin yi tunani ki amsa a zama na gaba. Abin da ba za ki yi ba shi ne ƙarya. Idan 'yan sanda sun taɓa zuwa gidan, suna da rahoton a hannu kafin su zauna. Ƙarya ɗaya da aka kama takan shafe gaskiya goma da kika faɗa.

A nan ne tarbiyyarmu take iya zame mana matsala, don abin da muke kira ladabi su wani abu daban suke karantawa. Kin sunkuyar da kai ba ki haɗa ido, sai a rubuta kina ɓoye wani abu. An tambaye ki ya kike ji, kin ce lafiya lau, alhamdu lillahi, sai a rubuta ba ki gane girman matsalar ba. Cikin fari ne, kina kawaici, ba ki zumuɗin maganarsa a gaban baƙi kamar yadda aka koya miki kunyar ɗan fari, sai a rubuta babu shaƙuwa tsakaninki da abin da ke cikinki. Ba ki sayi kayan jinjiri ba don a wajenku sai an haihu lafiya ake haɗa su, sai a rubuta ba ki shirya ba. Babu mai fassara musu waɗannan sai ke. Ki faɗa da bakinki: a al'adarmu ba a nuna ɗoki kan ɗan fari a gaban mutane, amma ga abin da nake ji, ga abin da na tanada. Kayan kuwa, shawarata ki saya. Gadon jinjiri, 'yan riguna, kujerar mota in kuna da mota. A wannan karon a ajiye al'adar.

Ki raba al'adun jego kashi biyu tun kafin su tambaya. Huɗuba a kunne, suna ranar bakwai, yanka, askin suna, goyo, zaman arba'in, zuwan uwa ko gwaggo taya jego, duk babu mai hana ki, wasu ma ƙarfi ne a gare ki, don suna nuna akwai dangi a bayanki. Kaciyar ɗa namiji ba laifi ba ce idan ƙwararre ya yi kuma iyaye biyu sun yarda. Amma aikin wanzami irin su cire belu da tsaga, a can rauni ne aka yi wa yaro. Kaciyar mata kowace iri, har da cire angurya, babban laifi ne a dokar 2003, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 14, ko da an kai yarinyar gida ne aka yi mata. Idan ke aka yi wa tun kina ƙarama, ba ki yi laifin komai ba. Abin da suke son ji shi ne ba za a yi wa 'yarki ba, kuma kin san yadda za ki yi da kakar da za ta matsa. Kwalli a idon jinjiri, zuma kafin ya shekara, ɗura masa ruwa ko rubutu a kwanakin farko, kwana da shi a kan kujera, duk za a ɗauke su haɗari, kuma likitoci suna da hujja a kai. Idan kuna da manyan yara, za a tambayi yadda kuke horonsu. Duka da bulala ko waya ko duk abin da ya bar shaida a jiki laifi ne.

Maganar maigida

Malam, kai ma da kai ake. Uban da ya ƙi zama, ko ya zauna yana amsa tambayar da aka yi wa matarsa, ko ya ɗaga murya yana cewa gidansa ne, ya rubuta wa kansa rahoto da hannunsa. Za su nemi ganin uwargida ita kaɗai, haka suke yi wa kowa, kada ka hana. Ka je awo in ka samu dama, ka san ranar haihuwa, ka faɗi abin da za ka riƙa yi da dare in jinjiri na kuka.

Akwai wani abu da ya kamata ku duba tun yanzu. Uwa tana da ikon iyaye a doka kai tsaye. Uba yana samunsa ne idan akwai aure da doka ta sani, ko idan an sa sunansa a takardar haihuwa. Auren da aka ɗaura a Kano ko Maraɗi bisa tsarin da ƙasar ta yarda da shi, yawanci Ingila tana karɓarsa. Wanda aka ɗaura a falo ko a masallacin Ingila ba tare da rajista ba, a idon dokarsu ba aure ba ne. In naku irin wannan ne, ku je rajistar haihuwa tare, cikin kwana 42, a sa sunan uban.

'Yar'uwa, idan kuma dukan ne gaskiya, kada ki rufa. Haƙurin da ake yabon mace da shi a gida, a rahotonsu sunansa kasa kare yaro. Dokar cin zarafi a gida ta 2021 ta ɗauki yaron da ke gani ko jin ana cin zarafin uwarsa a matsayin wanda aka cutar shi ma. Mata da yawa suna shiru don bizarsu a jikin ta miji take. Akwai rangwame na musamman da ma'aikatar cikin gida ke bayarwa ga wadda ta rabu da miji saboda cin zarafi, izinin zama na wata 3 tare da damar karɓar tallafi, kuma wadda ta shigo da bizar aure ga ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin tana iya neman zama na kanta. Ki faɗa wa ungozoma ke kaɗai, ki nemi a haɗa ki da mai ba da shawara kan cin zarafi da kuma lauyan shige da fice.

Idan damuwar ta lafiyar ƙwaƙwalwa ce, kada ki yanke magani da kanki don kin sami ciki ko don kar a gani a fayil. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ganin likita, amma in kika ce musu iska ce kawai kuma kin bar magani, kin ƙara musu tsoro. Akwai ƙungiyoyin likitoci na musamman don masu ciki da masu jego, akwai kuma sassan asibiti da ake kwantar da uwa tare da jinjirinta. Talauci kuwa shi kaɗai ba dalilin raba uwa da ɗa ba ne. Ko bizarki ta hana ki tallafin gwamnati, taimakon da ƙaramar hukuma ke ba yaro mabuƙaci a sashe na 17 ba ya cikin abin da aka hana, kuma ƙungiyar Project 17 a kan wannan take aiki.

Rahoto da taro

Idan an gama, ki nemi kwafin rahoton ki karanta shi layi-layi, da tafinta in da buƙata. Ki ware kuskuren zahiri, kamar rana ko suna ko abin da ba ki faɗa ba, ki nemi a gyara a rubuce. Ra'ayin ma'aikaciya ba lallai ta canza ba, amma kina iya neman a haɗa naki bayanin da rahoton. Dokar kare bayanai ta ba ki damar neman ganin fayil ɗinki, kuma a ƙa'ida wata 1 gare su su amsa.

Ƙarshensa ɗaya ne cikin huɗu: a rufe, a haɗa ki da taimako mai sauƙi, a yi tsarin yaro mabuƙaci wanda da yardarki ake yinsa, ko a kira taron kare yaro. Taron nan ana yinsa cikin kwana 15 na aiki bayan zaman da hukumomin suka yi a tsakaninsu. Ungozoma da ma'aikaciyar lafiya da 'yan sanda da soshiyal za su zauna, shugaban taron kuma ba ya cikin masu bincikenki, kuma zai gan ki kafin a fara. Ki je. Ki nemi rahotanni kafin ranar, ki rubuta abin da za ki faɗa a takarda don baki yana ɗaurewa a irin wurin, ki tafi da mai rakiya. Ba kotu ba ce, ba ta da ikon karɓar ɗa. Abin da take yankewa shi ne ko za a sa jinjirin a tsarin kariya. In an sa, ƙaramin kwamiti da ke cikinsa zai zauna cikin kwana 10 na aiki, a sake duba tsarin cikin wata 3. Ki dage kowane sharaɗi ya fito fili: me ake so in yi, zuwa yaushe, wa zai biya, ta yaya za a san na yi.

Da zarar an sa cikin a tsarin kariya, alamar tana fitowa a kwamfutar asibitocin Ingila, don haka gudu daga Manchester zuwa Birmingham a haihu a ɓoye ba ya ɓoye komai, sai dai ya sa a ce kin gudu. Komawa gida kuwa, babu dokar da ta hana mai ciki tafiya, amma fayil ɗin yana nan yana jiran ranar dawowarki da yaron, ga maganar biza, ga kamfanonin jirgi da yawanci ba sa ɗaukar mai cikin da ya wuce mako 36. In kina da niyya, ki zauna da lauya tukuna, kuma ki tafi da saninsu.

Sa hannu

Takardu biyu za a iya miƙo miki. Ta farko yarjejeniya ce, misali cewa wane ba zai kwana a gidan ba. Ba umarnin kotu ba ce, amma in kin sa hannu kika saɓa, za a kai ta gaban alƙali. Kada ki yarda da abin da kin san ba za ki iya ba. Ta biyu ta fi haɗari, ita ce ta sashe na 20, wadda ke nufin kin yarda da kanki hukuma ta riƙe jinjirin. Ba dole ba ce, kuma kina iya janye yardar a kowane lokaci. A 2012, a wata shari'a da ta shafi ƙaramar hukumar Coventry, alƙali Hedley ya duba yardar da aka karɓa daga wata mai jego bayan an yi mata allurar kashe zafi mai ƙarfi, ya kafa ƙa'ida cewa dole a tabbatar uwa tana cikin hayyacinta kuma ta fahimci abin da take yarda da shi. Amsarki ga kowace takarda guda ce: a ba ni kwafi, lauyana zai gani.

Idan wasiƙar gargaɗin zuwa kotu ta zo, wadda suke kira PLO, ki kai ta wa lauya a ranar. Wasiƙar ita ce ke ba ki lauya kyauta, ba a duba albashi. Ki nemi wanda ya ƙware a shari'ar yara, mai shaidar ƙungiyar lauyoyi ta Law Society, ba wanda ya yi miki takardun biza ba. Uba da uwa kowa ya sami nasa in buƙatunsu sun bambanta.

A wannan matakin za a ce ki kawo sunayen dangin da za su iya riƙon jinjirin in ta ɓaci. Na san nauyin a ce gida su ji, amma a nan kunya tana iya jawo asarar da ba ta gyaruwa. Riƙon da muka sani, yaro yana wajen gwaggo yana kuma sanin uwarsa, ba shi ne abin da kotun Ingila ke yi ba idan ta ba da yaro ga wasu iyaye na dindindin. Can ana yanke nasaba a doka, kuma ana iya yi ko iyaye ba su yarda ba, duk da Kotun Ƙoli ta ce a 2013 sai in babu wata hanya ko kaɗan. Shari'ar kuma an ƙayyade mata mako 26, wanda ya kawo suna a makare yakan tarar an wuce wurin. Ki ba da sunaye da wuri, har da na waɗanda ke Kaduna ko Damagaram ko Kumasi, don ana iya tantance dangi a ƙasar waje. Ki nemi a shirya taron dangi, inda 'yan'uwa ke zama su kawo nasu tsarin. Ki kuma tambayi lauya batun sanar da ofishin jakadancin ƙasarku.

Ranar haihuwa

Kafin mako na 36 ki nemi tsarin haihuwa a rubuce: wa zai shiga ɗakin haihuwa da ke, kwana nawa za ku yi a asibiti, ko za a sa mai lura da ke, ko suna da niyyar zuwa kotu da kuma yaushe, da ko an duba wurin da ake ajiye uwa da jinjiri tare maimakon raba su. Ki sa a rubuta cewa za ki shayar, da cewa uban ko wani zai yi huɗuba. Lambar lauya ta kasance a jakar haihuwa.

Hanya uku kawai ake raba ki da jinjiri ba da yardarki ba: 'yan sanda su ɗauke shi ƙarƙashin kariyarsu, wanda ba ya wuce sa'a 72, umarnin gaggawa na kotu na kwana 8, da ake iya ƙara wa 7, ko umarnin riƙo na wucin gadi daga alƙali. A 2008 a Nottingham an ɗauke wa wata matashiya jinjiri 'yan sa'o'i bayan haihuwa bisa tsarin da hukumomi suka rubuta kawai, alƙali Munby ya ce babu dokar da ta ba su wannan, ya sa aka mayar mata da shi a ranar. Duk wanda ya zo ɗaukar ɗanki, ki tambaye shi cikin natsuwa ina umarnin kotu, ki kira lauya. Kada ki yi kokawa, kada kuma ki saɓi jinjirin ki fice daga asibiti, don wannan ne ke kawo 'yan sanda. In an sa zaman kotu kina kan gado, lauyanki na iya neman a ɗaga ko ki shiga ta bidiyo. Ko an ba da umarnin wucin gadi, ikonki na uwa bai faɗi ba: lauya ya nemi yawan ganawa, da kai nonon da kika tatsa, da yadda za a yi suna.

Idan ma'aikaciya ta zalunce ki ko ta rubuta abin da ba haka ba, ki fara da shugabarta a rubuce, kina iya neman a canza miki wata. Bayan nan akwai tsarin koke na ƙaramar hukuma mai hawa 3, sai ofishin Ombudsman mai duba ƙananan hukumomi, sai Social Work England mai ba su lasisin aiki. Ki ci gaba da zuwa kowane zama yayin da koken ke tafiya. Kada ki kai maganar Facebook ko TikTok, ko a rukunin matan gari: ana ɗaukar hoton abin da kika rubuta a sa a fayil, kuma da zarar an shiga kotu, bayyana yaron da ake shari'a a kansa laifi ne.